Idan Na'ura Ta Nuna Wariya, Wa Doka Za Ta Kama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni lauya ce, ban daɗe da fara aiki ba. Ina ta karanta yadda kamfanoni a Amurka da Turai ke amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen tace masu neman aiki da masu neman bashi da masu neman hayar gida, daga baya a gano manhajar tana yawan watsar da mata ko baƙar fata ko masu shekaru. Abin da ya ɗaure min kai shi ne na'ura ba ta da niyya, masu kamfanin kuma suna cewa ba su umarce ta ba. Shin dokar hana wariya tana hawa kan irin wannan? Idan tana hawa, wa za a gurfanar? Mu nan Najeriya kuma muna da abin kamawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Barista. Tana hawa, kuma ba sai an jira majalisa ta yi sabuwar doka ba. Dokar hana wariya babu ruwanta da na'ura. Da mutum take magana, ko da kamfanin da ya ce wa wance ba za a ɗauke ki aiki ba, ya ce wa wane ba za a ba ka bashi ba. Ko da me ya yanke hukuncin, jarrabawar takarda ce, ko ra'ayin manaja, ko manhajar da ya sayo da tsada, hukuncin nasa ne. Makiyayi ba ya tsira a gaban alƙali da cewa saniyar ce ta ga damar shiga gonar. Batun niyya kuwa, wanda ya fi ɗaure miki kai, kotun ƙolin Amurka ta warware shi tun 1971, lokacin da babu wanda ya san za a yi irin waɗannan manhajoji. Wajen kawo hujja ne gizo ke saƙar, kuma a nan zan fi daɗewa.

Mu fara kawar da mai sauƙin. Akwai wariya ta kai tsaye, inda aka dubi jinsin mutum ko launinsa ko shekarunsa ko asalinsa aka yi masa daban saboda haka. Idan an rubuta wannan a cikin manhaja, babu sauran muhawara. Kamfanin iTutorGroup, mai ɗaukar malaman da ke koyar da ɗaliban ƙasar Sin Turanci ta intanet, ya saita manhajarsa ta riƙa watsar da takardar duk macen da ta kai shekara 55 da duk namijin da ya kai 60. Asirin ya tonu ne da aka ƙi wata mata, ta sake tura takarda iri ɗaya sak, sai dai ta rage shekarunta, aka kira ta ganawa. Hukumar EEOC mai kula da adalci wajen ɗaukar aiki a Amurka ta kai ƙara, a 2023 kamfanin ya amince ya biya dala 365,000 ga mutum sama da 200. Na ƙasar Holan ya fi wannan muni ƙwarai. Hukumar harajin ƙasar, wadda ke biyan tallafin renon yara, ta yi amfani da tsarin kwamfuta mai auna wanda ya kamata a zarga da damfara, kuma cikin abin da tsarin ke dubawa har da ko mutum ɗan ƙasa ne ko ba ɗan ƙasa ba. Dubban iyalai, da yawansu masu asali da ƙasashen waje, aka ɗora musu laifin da ba su ji ba ba su gani ba, aka tilasta musu mayar da kuɗin shekara da shekaru. Wasu suka tsiyace, aure ya mutu a gidaje da dama. Gwamnatin firaminista Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021, a ƙarshen shekarar kuma hukumar kare bayanai ta ci tarar hukumar harajin Yuro miliyan 2.75.

Amma yawancin abin da kike karantawa ba haka yake ba. Manhajojin yanzu ba a rubuta musu ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya. Tarihin hukuncin da aka yanke a baya ake zuba musu, a ce su koyi kamannin wanda aka ɗauka da wanda aka bari. Amazon ta fara gina irin wannan a 2014, ta ciyar da ita takardun neman aiki na shekara goma, waɗanda galibinsu na maza ne domin haka fannin yake. Sai manhajar ta koyi cewa namiji ake so. Ta riƙa rage maki ga takardar da aka rubuta wani abu "na mata" a ciki, kamar shugabar ƙungiyar dara ta mata, ta kuma rage wa waɗanda suka gama wasu kwalejoji biyu na mata zalla. Injiniyoyin suka gyara waɗannan wuraren, amma ba su da tabbacin ba za ta gano wata hanyar ba, sai aka yi watsi da aikin. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ne ya fito da labarin a 2018, Amazon kuma ta ce ba ta taɓa dogara da manhajar wajen auna masu neman aiki ba.

Ki lura da wannan sosai, domin shi ne kariyar farko da lauyan kamfani zai kawo miki: ai ba mu ma shigar da jinsi ko launi ba. Goge layin jinsi ba ya goge jinsi. Makarantar da mutum ya yi, da sunansa, da giɓin shekara biyu a takardar aikin mace lokacin da ta haihu, duk suna faɗa. A Amurka lambar unguwa kaɗai kan nuna launin fata, saboda an shafe shekaru masu yawa ana ware wa baƙar fata unguwanninsu, ana hana su bashin gida a wasu.

Nan ne shari'ar 1971 da na ambata ta shigo, wato ta Griggs, wani ma'aikaci baƙar fata, da kamfanin lantarki na Duke Power. A tashar kamfanin da ke jihar Karolina ta Arewa, an daɗe ana killace baƙar fata a sashen leburanci, inda albashi ya fi ƙanƙanta. Da ɓangaren ɗaukar aiki na dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964 ya fara aiki a Yulin 1965, kamfanin ya daina faɗin launi. Sai ya ce mai son shiga sauran sassan sai yana da takardar sakandare, sabon shiga kuma sai ya ci wasu jarrabawa biyu. Sharaɗin ya hau kan kowa, fari da baƙi. Amma ƙidayar 1960 ta nuna a jihar kashi 34 cikin 100 na fararen maza sun gama sakandare, baƙaƙe kuwa kashi 12 ne kacal, domin makarantun da aka ware musu ba su da inganci. Kuma fararen da aka ɗauka tun kafin sharaɗin, ba tare da takardar ba, suna aikinsu lafiya lau har ana ƙara musu girma. Alƙalan kotun ƙoli, ƙarƙashin Warren Burger, baki ya zo ɗaya: doka sakamako take dubawa, kyakkyawar niyya ba ta wanke sharaɗin da ke tare wa wani rukuni hanya alhali ba shi da alaƙa da iya aikin. Majalisa ta zo ta rubuta wannan a cikin doka a 1991. A 2015 kotun ta ce ƙa'idar ta shafi dokar gidaje ma. Turai tana da nata, a dokokin Tarayyar na shekarar 2000, Birtaniya kuma a dokar daidaito ta 2010. Manhajar da ke tace mutane jarrabawa ce kamar ta Duke Power, ba ta da wani matsayi na daban.

Shari'ar irin wannan wariya ta kaikaice mataki uku ce a Amurka, kuma kowane mataki da irin ƙalubalen da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ke kawo masa.

Na farko, mai ƙara ya nuna da alƙaluma cewa abin ya fi cutar da rukuninsu. A 1978 hukumomin tarayya suka kafa ma'aunin huɗu bisa biyar. Misali, maza 100 sun nema an ɗauki 50, mata 100 sun nema an ɗauki 30. Rabon matan ya zama kashi 60 cikin 100 na rabon mazan, bai kai 80 ba, sai a ce akwai alamar wariya. Ma'aunin somin taɓi ne kawai, kotuna kan nemi lissafi mai zurfi. Tambayar ita ce, daga ina mai neman aiki zai samo waɗannan alƙaluma? Zan dawo kanta.

Na biyu, kamfani ya nuna abin yana da alaƙa da aikin, kuma harkar tana buƙatarsa. A nan nake jin tsoron alƙalai za su riƙa sakin kamfanoni cikin sauƙi, domin lauyansu zai miƙe ya ce manhajarmu tana hasashe daidai, ga lissafi. Duk lokacin da kika ji haka, tambayarki ɗaya ce: tana hasashen me? Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019 ya duba manhajar da asibitoci da kamfanonin inshora a Amurka ke amfani da ita wajen zaɓen marasa lafiyar da za a ba kulawa ta musamman. Ba a shigar mata da launi ba, kuma hasashenta daidai ne. Sai dai abin da aka sa ta hasasa shi ne kuɗin da za a kashe wa mutum a asibiti, a bisa tunanin wanda ya fi ciwo shi ya fi cin kuɗi. Baƙar fata kuwa ana kashe musu ƙasa da abin da ake kashe wa fari mai ciwo irin nasu, saboda talauci da nisan asibiti da rashin yarda da likitoci. Sai na'urar ta ɗauka sun fi lafiya. Masu binciken suka lissafa cewa da ainihin ciwo aka auna, rabon baƙar fata cikin masu samun kulawar zai tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5 cikin 100. Haka abin yake a wurin aiki. Idan an koya wa manhaja gane "ma'aikacin kirki" daga makin da manajoji suka bayar a baya, son ran manajojin take hasashe. Idan an koya mata gane wanda zai sake laifi daga wanda 'yan sanda suka sake kamawa, inda 'yan sanda suka fi yawan sintiri take hasashe. A ganina alƙalin da ya karɓi "daidai ne" bai tambayi abin da aka auna ba, bai yi aikinsa ba.

Wata kotu a birnin Bologna na Italiya ta fahimci wannan da kyau a ƙarshen 2020. Manhajar Deliveroo, kamfanin kai wa mutane abinci gida, tana rage wa masu kai abincin matsayi idan suka kasa zuwa aikin da suka yi rajista, wanda matsayinsa ya faɗi kuma sai a bar masa ragowar lokutan aiki. Kamfanin ya ce kowa ɗaya ne a wurin manhajar, ba ta tambayar dalili. Kotun ta ce rashin tambayar shi ne wariyar, domin ta haɗa wanda ya ƙi zuwa haka kawai da wanda ya shiga yajin aiki ko yake jinyar ɗansa. Ta yanke diyyar Yuro 50,000.

Na uku, ko kamfani ya tsallake na biyu, mai ƙara zai ci idan ya nuna akwai wata hanya da za ta biya wa kamfanin buƙata da ƙarancin cutarwa, kamfanin ya ƙi ta. A da wannan mataki kusan ba a cin nasara da shi. Yanzu ni a wurina shi ne mafi ƙarfi, domin masana sun nuna cewa daga bayanai iri ɗaya ana iya gina manhajoji barkatai da suka yi kusan kunnen doki wajen inganci, amma suka sha bamban wajen waɗanda suke watsarwa. Kamfanin da ya ɗauki ta farko da ta fito bai duba sauran ba, zaɓi ya yi. Matsalar ita ce dokar Amurka ta ɗora nemo wannan hanya a kan mai ƙara, wanda ba shi da bayanan, ba shi da injiniyoyin. A Turai wanda ake ƙara ne zai nuna cewa hanyar da ya bi ta zama dole, kuma wannan ya fi kusa da adalci.

Akwai inda ƙa'idar Griggs ba ta kai ba, kuma abin takaici nan ne cutarwa ta fi tsanani. Ɓangaren dokar 1964 da aka yi shari'ar a kansa ɗaukar aiki ya shafa. Idan gwamnati ce ta yi maka a fannin shari'ar laifi, tsarin mulki za ka kama, kotun ƙoli kuma ta yanke tun 1976, a shari'ar Washington da Davis, cewa a nan sai ka tabbatar da niyya. Shi ya sa rikicin COMPAS, manhajar da ke ba wanda ake tuhuma makin yiwuwar sake laifi, bai zama shari'ar wariyar launi ba. A 2016 'yan jaridar ProPublica suka duba mutum sama da 7,000 a wata gunduma ta jihar Florida, suka gano cikin waɗanda ba su sake laifi ba, an yi wa kusan kashi 45 cikin 100 na baƙar fata tambarin masu haɗari, fararen kuwa kusan kashi 23. Kamfanin da ya gina manhajar ya amsa cewa cikin waɗanda ya ba maki iri ɗaya, fari da baƙi suna sake laifi daidai wa daida. Duka biyun gaskiya suka faɗa, masana lissafi kuma suka tabbatar ba za a iya cika ma'aunin biyu lokaci guda ba matuƙar yawan kamun da ake wa rukunan biyu ya bambanta. Zaɓen wanda za a fifita cikinsu hukunci ne na shari'a da siyasa, bai kamata a bar wa injiniyan kamfani shi a ɓoye ba. A shekarar dai kotun ƙolin jihar Wisconsin ta ƙyale alƙalai su ci gaba da duba makin, da wasu gargaɗi, duk da cewa Eric Loomis, wanda aka yanke wa shekara 6, bai samu ganin yadda aka lissafa nasa ba saboda sirrin kasuwanci ne. Wannan hukunci har yau bai kwanta min ba.

Sai tambayarki ta wa za a gurfanar. Mai amfani da manhajar shi ne na farko, ba ya kuɓuta da cewa sayowa ya yi. Abin da ke sabo shi ne kama mai sayarwar. Derek Mobley, baƙar fata ne da ya haura shekara 40, ya ce ya nemi aiki sama da 100 a kamfanonin da ke amfani da manhajar Workday, duk aka ƙi shi, akwai ma wanda amsar ta zo masa cikin dare ƙasa da awa ɗaya bayan ya tura. Maimakon ya bi kamfanonin ɗaya bayan ɗaya, sai ya kai Workday ƙara a 2023. Workday ta ce ita ba ta ɗaukar kowa aiki, kayan aiki kawai take sayarwa. A Yulin 2024 mai shari'a Rita Lin ta wata kotun tarayya a Kalifoniya ta ce za a iya tuhumarta a matsayin wakiliyar masu ɗaukar aikin, tunda sun miƙa mata aikin tacewa, in ba haka ba kowa zai ɓuya a bayan na'ura. A Mayun 2025 ta ba da damar wasu masu shekaru 40 zuwa sama su shigo cikin ƙarar. Wannan ba hukunci ba ne cewa an yi wariya, kamfanin yana musantawa, amma ƙofa ta buɗe. Ita ma Meta, mai Facebook, ta sasanta da ma'aikatar shari'ar Amurka a 2022 kan yadda tsarinta ke zaɓen wanda zai ga tallan gidaje. Tarar dala 115,054 ce kawai, abin da ya fi muhimmanci shi ne an tilasta mata sauya tsarin.

Yanzu mu koma kan hujja. Kin san ƙa'idar da muka taso da ita, hujja tana kan mai da'awa. Ƙa'ida ce mai kyau idan ɓangarorin biyu sun ga abin da ya faru. A nan kuwa ɗaya ne ya gani. Wanda manaja ya wulaƙanta ya ji abin da aka faɗa masa, yana da shaidu. Wanda manhaja ta watsar saƙo kawai ya gani mai cewa an gode, wani lokacin bai ma san manhaja ce ba. Wadda ba a nuna mata tallan aikin ba kuwa, ba ta ma san an yi mata komai ba. Shi ya sa labarai suka yi yawa, shari'o'i suka yi kaɗan.

Turai ta fi matsawa a nan. Dokokinta sun ce da zarar mai ƙara ya kawo abin da zai sa a yi zaton wariya, nauyin ya koma kan wanda ake ƙara. A shari'ar Meister ta 2012 kotun Tarayyar Turai ta ce wadda aka ƙi ɗauka ba ta da haƙƙin ganin takardun wanda aka ɗauka, amma ƙin ba da kowane bayani na iya shiga cikin abin da alƙali zai auna. Sannan dokar kare bayanai ta ba mutum haƙƙin kada na'ura kaɗai ta yanke masa hukunci mai nauyi. A Disambar 2023 kotun ta ce makin bashi da kamfanin Schufa na Jamus ke bayarwa shi kansa hukunci ne, matuƙar banki ya dogara da shi sosai. A Fabrairun 2025, a wata shari'a daga Ostiriya, ta ƙara da cewa dole a yi wa mutum bayanin da zai fahimta, idan kamfani ya ce akwai sirrin kasuwanci sai ya miƙa wa kotu ko hukuma su auna. Hukuncin da ya fi burge ni shi ne na kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila da Wales a 2020, kan kyamarorin gane fuska na 'yan sandan kudancin Wales. Ba a tabbatar manhajar tana nuna bambanci ba. Laifin 'yan sandan shi ne ba su bincika ba, alhali doka ta ɗora wa hukumomin gwamnati nauyin kula da daidaito. Wannan ita ce hanyar da nake ganin ta dace: wanda ya kawo na'urar shi zai gwada ta, ya ajiye sakamakon, ya nuna idan an tambaya. Birnin New York ya gwada haka da dokar da aka fara aiwatarwa a Yulin 2023, mai wajabta binciken shekara-shekara kan manhajojin ɗaukar aiki, sai dai ta bar wa kamfanoni su faɗi ko dokar ta shafe su, kaɗan ne suka wallafa komai.

Gyaran ma yana da nasa tarkon. Ba za ka san manhaja tana cutar da mata ba sai ka san su wane ne matan, doka kuma tana takura tattara bayanin launi da ƙabila da addini. Dokar AI ta Tarayyar Turai, da ta fara aiki a Agustan 2024, ta sanya ɗaukar aiki da bashi da ilimi cikin fannoni masu babban haɗari, ta kuma halatta amfani da irin wannan bayani domin gano son kai da gyara shi, da sharuɗɗa masu tsauri. A Amurka kuwa akwai shari'ar Ricci ta 2009, inda birnin New Haven ya soke sakamakon jarrabawar ƙarin girma ta 'yan kwana-kwana saboda baƙar fata ba su kai ga samun gurbi ba, kotun ƙoli ta ce sokewar kanta wariya ce ga waɗanda suka ci. Darasin shi ne a yi gyara tun wajen gini, kafin a auna kowa. Ki kuma san cewa iska ta juya a can. A Afrilun 2025 shugaba Donald Trump ya umarci hukumomin tarayya su ja baya daga bin shari'o'in wariyar kaikaice. Umarnin bai goge dokar 1991 ba, mutum na iya kai ƙara da kansa, amma an bar shi ba mai tallafa masa wajen tono hujja.

Mu dawo gida. Ba mu da doka guda gamammiya irin ta Birtaniya da ta hana wariya a kasuwanci da haya da bashi. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a takura wa ɗan ƙasa saboda al'ummarsa, ko ƙabila, ko wurin asali, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa, kuma ya ce ko a rubuce ne ko a yadda ake aiwatarwa. Wannan na biyun abin kamawa ne, domin yana kallon abin da ya faru a aikace. Amma sashen ya ce sai idan saboda wannan dalili kaɗai aka yi, lauyan gwamnati kuma nan zai tsaya. Sannan doka da aikin gwamnati yake magana a kai, bai ambaci shekaru ko naƙasa ba, ko da yake masu naƙasa suna da dokarsu da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Idan batun aiki ne da kamfani mai zaman kansa, kotun ma'aikata ta ƙasa ce gidanki. Sashe na 254C ya ba ta hurumin shari'ar wariya a wurin aiki, ya ba ta damar aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da Najeriya ta amince da su. Cikinsu akwai ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda muka amince da ita a 2002, ita kuma ta fassara wariya da duk bambancin da sakamakonsa ke tauye daidaiton dama. Babu maganar niyya a ciki.

A fannin bashi ne na fi jin mana tsoro. Manhajojin ba da rance na waya suna auna mutum da tarihin asusunsa da yadda yake amfani da wayarsa. Binciken EFInA, ƙungiyar da ke nazarin hulɗar 'yan Najeriya da banki, ya sha nuna Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas su suka fi yawan waɗanda ba su da hulɗa da banki, mata kuma sun fi maza. Matar da ke sana'arta a cikin gida da tsabar kuɗi, tana adashi ba ta taɓa fashi ba, na'ura ba ta da inda za ta ga amanarta. Talauci kuma ba ya cikin abin da doka ta lissafa, sai kin nuna ya bi layin jinsi ko yanki. Makaminki a nan shi ne dokar kare bayanai ta 2023. Sashe na 37 ya ba mutum haƙƙin kada na'ura kaɗai ta yanke masa hukunci mai nauyi. Akwai togaciya idan ya amince ko yarjejeniya ta buƙaci haka, kuma kowa yana danna "na amince" bai karanta ba, amma ko a nan yana da haƙƙin neman mutum ya sake dubawa, ya faɗi nasa, ya ƙalubalanci hukuncin.

Idan irin wannan ƙara ta zo teburinki, Barista, kada ki fara da kotu. Ki sa wanda kike wakilta ya adana saƙon da aka turo masa da lokacin da ya shigo. Ki rubuta wa kamfanin a ƙarƙashin dokar 2023, ki nemi bayanan da suke riƙe da su a kansa, ki tambaya ko na'ura ce ta yanke, wane kamfani ya gina ta, me aka sa ta hasasa, kuma wane gwaji aka yi mata kafin a sake ta a kan jama'a. Idan sun ce akwai ma'aikacin da ya duba, ki tambayi takarda nawa yake dubawa a rana da sau nawa ya taɓa saɓa wa na'urar. Idan sun yi shiru, ki kai koke hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, ki ajiye shirun nasu cikin hujjojinki. Sannan ki nemi wasu da aka yi wa irin haka ta hanyar ƙungiyoyin ƙwadago ko na 'yan kasuwa ko na mata, domin da mutum ɗaya ba za ki iya nuna wa alƙali alƙaluman mataki na farko ba.